Ƙamshin da Ban Ji Ba

Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigida da yara. Yaya aikin asibiti? Yaya ƙafar nan taki mai kumbura in kin daɗe a tsaye? Mu nan lafiya lau. Balbela ta yi mura ta kwana uku, ta warke. Haƙorinta na gaba ya fita, na kusa da shi ma yana rawa. Ta ƙara tsawo, kuma duk a ƙafafu ya tafi, kamar yadda ƙanwarki ta faɗa ranar da ta laƙaba mata wannan suna.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu na tsaya. Amma na fi son takarda. A waya ke mai sauri ce, kafin in haɗa magana ɗaya kin yi uku, sai in ce "to" alhali ban gama tunani ba. Yanzu na gama. Maganar da kika yi, cewa in an yi hutun ƙarshen shekara ki zo ki ɗauki yarinya ta koma wajenki, na gode, na san don marigayiya kika faɗa. Amma ki bar mini ita. Wata biyar ke nan da rasuwar uwarta, kuma in ba don ita ba, ba na jin zan ɗora tukunya a ɗakin nan. Na iya tufke mata gashi yanzu. Ba ya kyau, amma ba ya warwarewa.

Malamarsu ta ba su aiki. Wai kowane yaro ya yi wani abu da hannu tare da uwarsa ko ubansa, a kai makaranta kafin hutu. Na ce mata mu yi 'yar kujera, in kai shago in fesa mata jan fenti, tunda sana'ata ce. Ta ce a'a. Ta nuna mini hoto a littafinsu, busassun furanni ne da ɓawon lemo a cikin kwano, ana ajiyewa a ɗaki don ƙamshi. Na tambaye ta dalili, ta tafi ta ɗauko shuɗin ɗankwalin uwarta wanda take kwana da shi.

Ta ce, "Baba, ya daina."

Na ce, "Ya daina me?"

Ta ce, "Ya daina ƙamshin Umma. Mu haɗa wani, amma a kwalba mai murfi, kada shi ma ya gudu."

To kin ji. Akwai mai sayar da furanni daura da shagonmu, duk Litinin yana zubar da waɗanda suka yi yaushi, na roƙe shi ya riƙa tara mini. Mun sha lemo har ya ishe mu don mu sami ɓawo. Na sayo kanumfari da kirfa. Muka shanya a kan jarida kwana huɗu, na taɓa na ji sun bushe, muka zuba a kwalba muka rufe. Ƙamshinsa ya cika ɗakin. Ga kaɗan nan na ƙulle miki a leda cikin ambulan, ki ji aikin 'yarki.

Ƙaninki,
Baban Balbela

Alhamis

Baban Balbela,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Ka shafa mini kan yarinya.

Wasiƙarka ta iso bayan kwana tara. A ɗakin hutun ma'aikata na buɗe ta, har ina cewa abokan aikina su zo su ji abin da 'yata ta haɗa. Ina kwance ledar, wata ta tashi ta buɗe taga. Abin ya ruɓe. Funfuna ce baƙa da kore ta cinye shi, kuma ba ta kwana tara ba ce, na san tsohuwar funfuna in na gan ta. Da warinsa ka ƙulle shi.

Na karanta layin nan naka sau huɗu, inda ka ce ƙamshinsa ya cika ɗakin. Mutum mai hankalinsa ba zai ɗebi wannan abu da hannunsa ya kira shi ƙamshi ba. Zan tambaye ka kai tsaye, don ba ni da wanda zan aika ya dubo mini. Ka fara shaƙar wani abu ne? Na ga masu aikin fenti da yawa a gadon asibiti, na san abin da wasunsu ke yi da tina, ruwan nan na sirka fenti, in baƙin ciki ya yi musu yawa. In haka ne ba zan zage ka ba, amma ba zan bar maka yarinya ba.

Ka fitar da kwalbar nan daga ɗaki yau ɗin nan. Funfuna tana taɓa ƙirjin yaro. Murar da ka ce ta yi ma, ban yarda mura ce kawai ba.

Maganar hutu tana nan, ban janye ba.

Yayarku

Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Mu ma lafiya, sai tarin nan nawa na kullum. Ɗaya haƙorin ya fita.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin matakala, sannan na zauna na sake karantawa. Ban yi fushi ba. Da ni ne ke, abin da zan zata ke nan.

Ba na shaƙar komai sai abin da aiki ya shaƙa mini. Hancina ya mutu, Yaya. Shekara huɗu ke nan ba na jin ƙamshi, ba na jin wari. Shekara takwas na yi a ɗakin feshi, takunkumin da ake ba mu na ƙura ne, ba na fenti ba. Warin fentin ne ya fara tafiya, har ina murna wai na saba. Sai shayi ya koma ruwan zafi mai zaƙi. Sai wata rana madara ta ƙone ƙurmus ina tsaye a kanta, ƙanwarki ta fito da gudu daga wanka.

Ita kaɗai ta sani. Ita ce hancin gidan nan. Takan sansana rigata ta ce, "Wannan ta rasu, a yi mata wanka." Takan ce na fi kowane miji sa'a, don ko albasa ta wuni yankawa ba ruwana. Ni na roƙe ta kada ta faɗa wa danginku, don kunya.

Maganar ƙamshi ya cika ɗaki kuwa, a bakin Balbela na ara. Da takardarki ta zo, na kai kwalbar bakin taga na juya ta, sai ga farin gashi ya lulluɓe gindinta. Na kira yarinyar na ce, "Kin ce ya yi daɗi."

Ta kalli ƙafarta, ta ce, "Ai har yatsa ka yanke wajen fere lemon."

Da na lura da na gane tun farko. Ta ɗauke kwalbar daga gefen gadonta ta mayar bayan ƙofa. Ƙananan ƙudaje sun yi ta zagaya murfin. Duk na gani, ban karanta ba. Na fitar da ita, wajen saukowa ta suɓuce mini ta fashe a matakala, na share.

Kuskuren na mai fenti ne. Mu da bayan yatsa muke gwada bushewa, in bai kama ba an gama. Haka na yi wa ɓawon lemo. Sama ya bushe, cikin da ruwansa, na rufe a kai.

Mun sake sabon lale. Yanzu ina kankare farin cikin ɓawon, in yanka sirara kamar zare. Furannin kuma muna tsinke su ɗaya ɗaya. Na samo tsohuwar ragar taga na ɗora a saman kabad, inda rana ba ta kai, don iska ta shiga ta ƙasa da ta sama. Kwana goma. Ba na ƙara yarda da yatsa. Ina kai ɓawon kusa da kunne in karya. In ya ce ƙas, ya yi. In ya lanƙwasa, ya koma raga. Mun raba aiki da Balbela, ita hanci, ni kunne, kuma ta yi mini alkawarin ba za ta ƙara yi mini kara ba.

Sai dai ba mu samu ba tukuna. Ina haɗa mata kaɗan kaɗan a murfin kwano, ta rufe ido ta sansana. Furen wardi ta ce matar mai gidan haya ce. Kanumfari ta ce likitan haƙori. Kirfa ta ce shagon burodi. Akwai kwalbar turare ɗaya a kayan uwarta, ta ce wannan na fita unguwa ne, ba na gida ba. Kullum maganar ɗaya ce: "Ba ita ba ce, Baba."

Shi ya sa zan roƙe ki abu ɗaya. Marigayiya ke kika raine ta. Me take shafawa? Ni ba zan iya faɗa ba. Shekara huɗu na ƙarshe da na yi da matata ban san ƙamshinta ba.

Ƙaninki,
Baban Balbela

Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya sa lafiya. Mu dai lafiya.

Mako biyar ke nan ban ga takardarki ba. Na kira sau biyu, kika turo saƙo cewa kina aiki. Na ɗauka kin tara manyan dangi ne a kan maganata, kuna shawarar yadda za a karɓi yarinya a hannun mutumin da ba shi da hanci. In haka ne, ga abin da za ki ƙara musu, gara ki ji a bakina.

Ranar Asabar da ta wuce da la'asar, na aiki Balbela sayen burodi. Na sauko da raga ina zaɓen furanni a kan tabarma. Na rufe taga da ƙofa don kada iska ta watsa su, ba su da nauyi. Na ji kaina yana ɗan sarawa, na ce bari in gama in dafa shayi. Ashana tana aljihuna. Sai na ji ta tun daga matakala tana kirana, ba irin kiran da ta saba ba. Ta banko ƙofa, ta yar da burodin, ta ja ni waje da riga. Robar tukunyar gas ce ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Maƙwabta suka ce har hawa na biyu ana ji.

Na canja roba. Yanzu kullum da safe ina kaɗa ruwan sabulu in shafa a jikinta da burushi, in akwai ɓula zai yi kumfa. Wannan ido ne yake gani, ba sai da hanci ba.

Ban ɓoye miki ba. Amma har yanzu roƙona ɗaya ne, ki bar mini ita.

Baban Balbela

Laraba

Baban Balbela,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ban tara kowa ba, ban faɗa wa kowa ba, ko maigida. Aiki ne ya yi yawa.

Zargin da na yi maka na shaƙe-shaƙe, ka yafe mini. Hancinka kuma akwai likitan da ya kamata ya duba, ko da yake bayan shekara huɗu ba zan yi maka alkawarin komai ba.

Labarin gas ya hana ni cin abinci. Da ta tsaya wasa a hanya minti biyar fa? Ruwan sabulu dabara ce, amma ba a shafa shi a madarar da ta lalace, ba a shafa shi a wayar wuta in ta fara ƙonewa a cikin bango. Yarinya 'yar shekara bakwai ba mai gadi ba ce. Ranar da aka yi hutu zan shigo motar safe.

Abin da marigayiya take shafawa kuwa, ban sani ba. Ku bar aikin nan haka, ku yi kujerar da ka ce.

Yayarku

Juma'a

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Jikinmu lafiya.

Mun samo ƙamshin.

Kin tuna tsohon nan mai gyaran agogo da yake hawa na ƙasa? Shekaranjiya na ɗauko Balbela daga makaranta, muka tarar ƙofarsa a buɗe, ya naɗe wando yana shafa wani abu a gwiwa. Yarinya ta tsaya cak. Jakarta ta zame daga kafaɗa ba ta ɗauka ba. Ta shiga ɗakin mutum ba sallama, ta durƙusa, ta kifa fuskarta a gwiwarsa, ta ce, "Umma."

Tsohon ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Jikata, gwiwar nan shekararta saba'in, an kira ta sunaye da yawa, amma yau ne na fara jin wannan." Ya so ya yi dariya, da ya ga kafaɗunta suna rawa sai ya fasa.

Man zafi ne, Yaya. Na ƙaramin gwangwani mai koren murfi.

Na bar ta wajensa na hau sama. Akwai jakar yadi a ƙarƙashin keken ɗinkin marigayiya, ban taɓa buɗewa ba, in na taɓa ta da tsintsiya tana ƙara, na ɗauka maɓallai ne. Na zazzage. Gwangwani goma sha huɗu, duk an lashe su tas da yatsa, sai na ƙarshe da ya rage rabi. Na tambayi tsohon, ya ce shi ɗaya yana yi masa wata guda.

Da likita ya ce mini ciwon ya daɗe a jikinta, na rantse masa ba ta taɓa cewa komai ba sai mako shida kafin ta kwanta. Ya kalle ni ta saman tabarau. Yanzu na san abin da kallon yake nufi. Na tambayi matar da ke ɗakin kusa da namu, ta ce, "Ai mun ɗauka ka sani. Tun daga matakala ake jin ta." Duk gidan nan sun sani. Mai shago ya sani. 'Yata ta sani, har ta ɗauka haka uwa take ƙamshi. Ni da nake kwana gefenta ne kaɗai ban sani ba.

Ba duka zan ɗora wa hanci ba. Na ga ta koma ɗaukar bokiti da hagu. Na ga ta daina ɗaga hannu ta rataye shanya, sai ta ce ni dogo ne, in yi. Na ga ta koma kwana da riga mai hannu ko ana zafi. Na ce gajiyar keke ce.

Kowane gwangwani akwai 'yar takarda manne a gindinsa, ta kantin maganin asibitinku. Na ajiye su a jere na duba ɗaya bayan ɗaya, ko zan sami wanda ba shi da ita. Babu.

Ke da kike tuna kalar takalmin da ƙanwarki ta sa ranar da ta fara makaranta, kika rubuta mini cewa ba ki san abin da take shafawa ba. A wannan layin biron ya huda takarda.

Ba faɗa nake nema ba. Ki dai faɗa mini abin da kika sani.

Baban Balbela

Litinin

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Lafiyar jiki dai akwai.

Ni na aika mata, duka goma sha huɗun. Ta ce mini ƙarƙashin hammatarta ne yake ciwo, wai juya keke ne. Na ce ta zo a yi mata hoto. Ta ce sai an yi wa yarinya hutu. Da aka yi hutu ta ce ɗinki ya yi yawa. Ta roƙe ni kada in faɗa maka, wai kana dawowa daga shago da tari, kada a ƙara maka wani. Ni kuma na yi ta saye ina aikawa. Shekarata ashirin a asibiti. Da wata baƙuwa ce ta zo mini da wannan bayani, da ban bar ta ta fita ƙofa ba sai an duba ta. Ƙanwata ce, sai na aika mata man zafi.

Mako biyar ɗin da na yi shiru, tambayarka ce ta hana ni rubutu. Na zauna da biro ya fi sau goma.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani. Tun ranar da aka binne ta nake riƙe da kai a zuciya. Ina cewa wane irin miji ne zai kwana fiye da shekara kusa da mace tana warin magani haka, bai taɓa tambaya ba? Na yanke cewa ba ka damu da ita ba ne, kuma wanda bai lura da uwa ba, ba zai lura da 'ya ba. Asalin maganar ɗaukar yarinya ke nan. Ashe kai ba ka ji ba ne. Ni na ji, da kunnena, daga bakinta.

Ba ni da bakin neman Balbela a wajenka. Na janye. Ka riƙe 'yarka. In ka yarda in zo hutu in gan ta kwana biyu, na gode. In ba ka yarda ba, ba zan ga laifinka ba.

Yayarka

Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida da yara. Ni lafiya. Balbela da sauƙi, zan yi miki bayani a ƙasa.

Na yafe miki, ke ma ki yafe mini. Ita ta zaɓi wanda za ta faɗa wa da wanda za ta ɓoye wa, kuma dukanmu biyu tausayinmu ta ji. Ba zan ƙara tayar da maganar ba.

Mun gama aikin. Na kwaso ɓarɓashin katako mai tsabta daga shago, muka shafa masa kaɗan daga rabin gwangwanin da ya rage, muka bar shi ya sha. Muka haɗa da furanni da ɓawon lemo da ɗan gishiri, muka rufe mako biyu, kullum tana jijjiga shi sau ɗaya. Ranar da ta buɗe, ta rufe ido ta sansana. Ta dai ɗauko shuɗin ɗankwalin ta naɗe kwalbar da shi.

Na bi ta makaranta ranar nuni. Wasu sun kawo motar kwali, wasu gidan tsuntsu. Malama ta buɗe tamu ta kai hanci, idonta ya kawo ruwa, ta yi atishawa. Yara suka kwashe da dariya, wata ta ce warin tsofaffi. Balbela ta karɓi kwalbarta ta rufe, ta ce, "Ƙamshin Ummana ne, ba na sayarwa ba ne." 

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce miki ki zo kwana biyu kawai.

A hanyar dawowa na lura da hawanta matakala. Da dama take fara takawa, ta jawo hagu. Na tuna kwana uku ke nan a zaune take sa takalmi, kuma ta daina cire safa ko da za ta kwanta. Wannan karon na karanta. Na zaunar da ita na cire safar. Ƙasan ƙafarta ya kumbura, ya yi ruwa, jan layi ya fara hawa idon sawu. Guntun gilashi ne na waccan kwalba ta farko da na fasa a matakala, ya maƙale a tsagin siminti, shara ba ta ɗauke shi ba. Kwana tara yana cikin ƙafarta. Ta lakato man uwarta ta cusa a ciwon, ta ja safa a kai.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Kana tari, Baba. Kuma ai ba za ka ji warin ba. Na ce zai warke kafin ka sani."

Na goya ta zuwa asibitin unguwa. Ma'aikaciyar da ta cire gilashin ta ce tun daga ƙofa ta ji, ta tambaye ni ko ba a gida ɗaya muke kwana ba. An wanke, an yi allura, an ce ƙafar za ta warke.

Tun ranar nake kallonta. Ba ta bari in sha shayi sai ta sansana madarar. In ta dawo makaranta, kafin ta ajiye jaka sai ta durƙusa gaban tukunyar gas. An kai 'yan ajinsu gidan namun daji, ta ce cikinta na ciwo, ashe don kada in wuni ni kaɗai ne ranar da ba aiki. Ba wanda ya koya mata. Ta ga gurbin uwarta ba kowa, ta shiga, har da ɓoye ciwon.

Gas ba ya ba ni tsoro, na san dabararsa. Wannan ne ban san dabararsa ba. Na riga na binne mace ɗaya da ta ji tausayina. Ki zo ki ɗauke ta, Yaya. A gidanki ba wanda za ta yi wa gadi, ba wanda za ta ji tausayi. In ƙaya ta soke ta, ta yi ihu kamar kowane yaro. Ki sa mata ido a kan safa da riga mai hannu, kuma in ta ce miki lafiya lau, ki duba da kanki.

Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, ta tambaye ni wa zai riƙa sansana mini madara. Na ce na koma baƙin shayi. Ta ce, "To rigunanka fa?" Na ce duk kwana biyu zan wanke, ko sun rasu ko suna da rai. Nan ne ta yi kukan.

Na haɗa kayanta. Takalminta na hagu sai an bar shi a buɗe tukuna. Ba ta son a ja mata gashi ta gaba.

Abin da muka haɗa ta raba shi kwalba biyu, ɗaya tata ɗaya tawa. Na ce mata ni me zan yi da ita? Ta ce in riƙa jijjigawa kullum, in ta zo hutu za ta duba ko na kula. Ga ta nan a bakin taga ina rubutun nan. Na buɗe ɗazu na kai hanci, ba komai, kamar kullum. Sai na rufe na jijjiga ta kusa da kunne. Tana ƙara, ƙas ƙas. Muddin tana wannan ƙarar, ba ta ruɓe ba.

Ki zo ranar da aka yi hutu, motar safe tana isowa ƙarfe goma. Za mu jira ki a tasha.

Ƙaninki,
Baban Balbela